Ranar da Aling Panyang Ta Shanya Fim

A garinmu Santa Ines, idan Disamba ya kama ba sai ka duba kalanda ba. Ka bi ta layin bayan kasuwa kawai. Da ka ji warin gam da ƙarar almakashi daga rumfar Aling Panyang, ka san shekara ta zo gangara. Ita ce mai yi mana torotot, ƙahon nan da yara ke busawa ranar sabuwar shekara don a kori tsiyar bara. Da tsohon zaren fim take yin sa. Ɗan gwangwan ne ke kawo mata buhu-buhu daga kamfanonin silima na Manila da suka durƙushe, ita kuma ta yanka kamu-kamu, ta naɗe ya yi tsini, ta shafa gam, ta liƙa masa takarda mai ƙyalli da gashin kaza. Ba ta ɗaga zaren ta duba abin da ke jikinsa. In ka tambaye ta sai ta ce ita ba kallo ya fito da ita ba.

Gajeriya ce, kakkaura, ta ba sittin baya, kullum da taba a bakinta irin yadda tsofaffin matanmu ke sha, wutar tana cikin baki. Ba ta fara gaida kowa. A takardar baftisma sunanta Epifania, a fuska ana ce mata Aling Panyang, a bayan ido kuwa Amaryar Japan. Ta san da wannan suna na ukun sarai, don mutanenmu ba su iya raɗa ba.

Asalin sunan daga yaƙi ne. Tana budurwa yunwa ta kore ta zuwa Manila, ta bar uwa mai ciwo da ƙanne biyu. Ta sami wanki a wani gidan wasa. Ana nan aka tashi yin fim na barkwanci da waƙe-waƙe, irin wanda sojojin Japan ke bari a yi don gari ya ga kamar lafiya ake. Sunansa Wandon Laftana. Ana neman 'yan matan da suka iya riƙe katakon bugun wanki da gaske, ba na yanga ba, sai aka ɗauke ta aka sa a sahun baya. Ladanta shinkafa ce, kuma duk ƙwayar da aka ba ta gida ta aika.

Labarin fim ɗin bai da wani nauyi. Wani laftana ne ɗan guntu mai gashin baki, mai marin duk wanda bai rusuna masa ba, ya aika da wandonsa wanki. 'Yan matan rafi suka shimfiɗa wandon a dutse suka yi ta jibga suna rawa suna waƙa, har ranar fareti mutumin ya fito da abin kunya a bayansa. An sa masa kakin Sifaniyawan da, saboda haka masu tace fim suka yi ta ƙyaƙyatawa, a zatonsu Turawa ake yi wa. Amma duk wanda ya taɓa shan mari a shingen soja ya san wandon wa ake duka.

Da yaƙi ya ƙare ta dawo gida, ta tarar uwar ta rasu, wani kawu ya kwashe yaran zuwa kudu, kuma sunanta ya riga ta isowa. Wai ta yi wa Japanawa rawa, ta ci shinkafarsu. Dangin saurayin da ke jiranta suka janye ba ko sallama. Ƙungiyar matan coci ta ce hannunta ba zai taɓa rigar gunkin Santa Ines, waliyyiyar garin, ba ranar biki, aikin da uwarta ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Shugabar ƙungiyar ita ce Luding, wadda suka yi wasan ƙasa tare.

Amsar Panyang ɗaya ce, kuma ita ta yi ta maimaitawa kusan shekara arba'in.

"Ba ku ga fim ɗin ba. Da kun gani da kun kama bakinku."

"To ina fim ɗin?" in ji su.

Babu. Kowa ya san ya ƙone tare da rabin Manila.

Wata ce da ta tattara ta bar garin. Panyang kuwa ko gezau. Ta gyara gidan uwarta, ta kiwata kaji, ta yi ɗinki, ta sayar da wainar shinkafa a tashar mota, Disamba kuma ta koma ƙaho. Ba ta yi aure ba. Duk Lahadi a bencin gaba take zama, daidai inda sai Luding ta kalli ƙeyarta daga farkon addu'a zuwa ƙarshe. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai mai kyau irin nata ba, ko da yake zama da ita ba daɗi. Abu ɗaya ke riƙe da ita: jahilci ne ya sa suke faɗa, kuma wanda bai sani ba ana iya sanar da shi wata rana.

Mutum ɗaya ne take sakar wa fuska, shi ma rabi-rabi. Lauya Balagot ke nan, wani dogon dattijo daga Manila da ke zuwa duk Disamba da farar motarsa da gilashin ƙara girma a aljihu. Sai ya sayi ƙahoni rungume guda, ya zauna a bencin rumfar, ya yi ta warware su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama. Tsofaffin finafinan barkwanci na lokacin yaƙi yake tarawa. Yana da ɗaki a gidansa mai sanyi kamar ma'ajiyar kifi, cike da gwangwanayen fim. Shi da abokansa sukan taru ran Asabar su saki labule su kalla, su yi musayar faifai, su yi gaba da juna a kan guntun da bai kai minti biyu ba.

"Lauya," ta ce masa wata shekara, "kai da iliminka da furfurarka, kana ɓata wa yara abin wasa. Me ke cikin wannan shirmen?"

"Shirme ne kam, Aling Panyang," ya ce yana dariya. "Labarin babu kai, waƙar wani lokaci kamar an taka kyanwa. Amma ki duba wuyan masu rawar. Ki duba hannayensu. Waɗannan mutane yunwa suke ji, ga soja a bakin ƙofa, kuma sun tashi sun ba mutane dariya. Ni ina yaro na shiga silima da cikina yana kuka, na fito ina fito da baki. Abin da nake bi ke nan." Ya goge gilashinsa. "Akwai guda da muke nema, ko ƙyallinsa ba wanda ya gani. Wandon Laftana. In na same shi na gama."

Ta juya tabarta ta ci gaba da yanka. Ba ta ba baƙo labarinta, ko da baƙon kirki ne.

A shekarar da nake ba da labari, saura 'yan kwanaki sabuwar shekara, wata mata ta dawo da ƙaho tana mita wai ba ya kuka. Panyang ta karɓa ta ɗaga shi ga rana don ta ga inda ya tsage. Sai ta ga baho. Ta ga dutse, ta ga sahun 'yan mata sun tattare zane zuwa gwiwa, kowace da katako a sama. Ta uku daga ƙarshe siririya ce mai dogon kitso, ta buɗe baki iya ƙarfinta.

Tabar ta faɗo daga bakinta. Ta zazzage buhun da take yanka tun makon jiya, ta ga saura kaɗan a gindi. Ragowar duk da hannunta ta datse, ta naɗe, ta shafe da gam, ta sa musu gashin kaza, ta sayar wa garin nan gida-gida. Abin da ta yi shekara da shekaru tana cewa da za a gani, ita ce ta bi shi da almakashi. Ta zagi kanta zagin da ba ta taɓa yarda wani ya yi mata ba.

Ba ta zauna kuka ba, don ta san yawun yara yana cinye hoto, kuma ranar busa ta matso. Ta rufe rumfa da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba, ta cika kwando da sababbin ƙahoni na wani buhun, ta shiga gari. Ƙofofin da ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba tun tana budurwa ta bi ɗaya-ɗaya.

"Ku ba ni wanda na sayar muku, ga biyu a madadinsa."

"Lafiya, Aling Panyang? Ko zinariya aka mance a ciki?"

"Kunyarku aka mance a ciki. Miƙo."

Wasu suka ba ta suna dariya, wasu suka ce yara sun riga sun tauna. Wani ƙahon ma akuya ta ci. Duk wanda ta samu sai ta jiƙa bakin gam ɗin a hankali ta warware, ta danne da faranti. Ta haɗa gefen rafi, ta haɗa zuwan wandon, amma wurin dukan kansa babu. Da gari ya waye sai ta tuna Luding ta aiko an sayi dami guda saboda jikokinta.

Gidan Luding mai bene ne, da tagogi masu faɗi. Panyang ta tsaya a ƙasa ta ɗaga murya.

"Luding! Ƙahonin da aka saya miki nake so."

Luding ta leƙo, da mafici a hannu, tana ɗan tarin da ya kama ta tun damina. "Abin da aka saya an saya, Panyang. Ko a Japan haka ake ciniki?"

"Ban je Japan ba balle in sani. Ga biyu-biyu na kawo."

"Ba na so."

"To madalla."

Ta ajiye kwando, ta zauna a matakalar gidan, ta kunna taba. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Baƙin da Luding ta gayyata cin abincin rana suka zo suka tarar da Amaryar Japan ta tare hanya tana busa hayaƙi, sai sun ce gafara sun raɓa. La'asar ta yi tana nan. Can sai ga ƙahoni suna zubowa daga taga kamar an zazzage shara.

"Kwashi tsiyarki ki bar min ƙofa!"

"Allah ya ƙara sauƙin tarin," in ji Panyang, ta tsince su tsaf.

Washegari Lauya Balagot ya zo kamar yadda ya saba. Ba ta ce masa komai ba, ta miƙa masa guntu ɗaya. Ya sa gilashi, ya duba, ya sake dubawa. Ya nemi benci ya zauna.

"A ina... Aling Panyang, kin san abin da ke hannunki?"

"Duba ta uku daga ƙarshe."

Ya duba zaren, ya duba fuskarta. Dattijon nan da ke tsayawa gaban alƙalai sai ga ƙwalla a idonsa. Da ta ba shi labarin a gajarce sai ya zabura.

"Don Allah kashe tabar nan tukuna! Wannan zaren da fetur duk ɗaya ne." Ta kashe, ba don ta so ba. "Ki ba ni in tafi da shi. Akwai mai gyara, zai wanke, ya jera, ya haɗa, a kwafa a sabon zare. Shekara ɗaya, ko biyu. Ranar da za a haska, ke ce a kujerar gaba, in zo in ɗauke ki da motata."

"A Manila."

"A Manila mana."

"Mutanen Manila ba su zage ni ba, Lauya. Kuma shekara biyu? Ka ji tarin Luding kuwa? Wallahi matar nan ba za ta mutu ba sai ta gani. Ba zan ba ta wannan sauƙin ba."

"To da me za ki nuna? Ba majigin da zai ja wannan, guntu-guntu ne!"

"Ina da igiya."

Ya roƙe ta, ya yi mata bayanin abin da rana ke yi wa tsohon zare, ya ce wannan kaɗai ya rage a duniya, ba nata ba ne ita kaɗai. Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Da ya ga ba ci gaba sai ya kama ɗaki a masaukin tasha, ya ce ko ba komai ya tsaya kusa da abin.

Ranar Lahadi ba ta shiga coci ba. Ana ciki ana addu'a ita tana waje tana ɗaura igiyar shanya daga bishiyar mangwaro zuwa ginshiƙin ƙararrawa. Ta rataye guntayen bi da bi, ta maƙale kowane da abin maƙale wanki, suna lilo suna lanƙwashewa don sun saba da naɗi. Lauya kuwa yana ta kai da kawowa da laima, ya kare wannan rana ta doki wancan, gumi ya jiƙa masa riga.

Jama'a suka fito suka ci birki.

"Ga shi nan," in ji Panyang, ta riƙe ƙugu. "Kun ce ina fim ɗin. To ga shi. Ku matso ku ga rawar da na yi wa Japan."

Suka matso. Amma kowane hoto bai fi farcen babban yatsa ba, kuma waɗanda take so su gani duk idonsu ya tsufa. Suka yi ta ƙanƙance ido suna karkata kai. Matasa suka leƙa suka ce 'yan mata ne ke wanki, to sai me? Luding ta taho a hankali, ta kai fuska kusa da igiyar, ta ja baya.

"Ni dai ƙudaje nake gani a jere."

Aka kwashe da dariya. Nan ne gaban Panyang ya faɗi, karo na farko tun da ta fara wannan abu. Ta wahala a banza, ta saka abin da ya rage a rana, kuma za su koma gida su ci abinci da labarinta. Zuciya ta ɗebe ta. Ta sunkuya ta zaro katakon bugun wanki daga kwando, ta tattare siket zuwa gwiwa a gaban coci, a gaban Fada, limamin cocin, da kowa.

"Tunda idonku ya mutu, ku buɗe kunne."

Muryarta ta dushe da taba, amma ta ɗaga ta.

"Mai gashin baki ya aiko wando,
Ya ce a wanke, kar a murza,
To 'yan mata, mu bi umarni!"

Ta sauke katakon a kan benci sau uku. Ta juya, ta yi taku biyu irin na da, gwiwa tana ƙara, ta shiga baiti na biyu. Tana cikin yi ta ji kamar muryarta ta yi kauri. Ba tata ba ce kaɗai. Daga baya wata tsohuwa tana bi, can gefe wani tsoho ya kama, sai ga shi duk masu furfura a filin nan suna rerawa, kalma ba ta kuɓuce musu ba. Da aka zo wurin duka, tafi uku ya tashi daidai, ba wanda ya riga ba wanda ya makara. Mang Ensong mai aski, wanda haƙori biyu suka rage masa, ya doki cinya yana hawayen dariya.

"Nan ne! Nan ne gindin wandon ya ɓarke, ya juya yana sara wa doki!"

Ba ta kai nan ba tukuna. Wannan guntun ma ba ya kan igiyar, akuya ta cinye shi.

Panyang ta katse waƙar, katako a sama. Su kuwa ba su lura ba, suka ci gaba da layi guda cur ba ita. Ta waiwaya ta ga Luding, leɓɓanta suna motsi, maficinta yana bugun tafin hannunta a kan kiɗan. Sai waƙar ta fara yankewa, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jin muryar kansa, har filin ya yi tsit.

"Mang Ensong," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "A ina ka gani?"

Tsohon ya yi tsuru-tsuru. Ya nemi wanda zai cece shi, kowa ya sunkuyar da kai.

"A keken doki aka kawo shi," ya ce da ƙyar. "Kina Manila. A bangon injin casar shinkafa aka haska, mako guda. Garin nan kaf ya je. Har tafi muka yi da kika fito. Sojojin Japan na zaune a gaba, mu a baya. Da yaƙi ya ƙare, mayaƙanmu na daji suka sauko suna tambayar wa ya zauna da Japan... wa zai ce ya je, Panyang? Wa zai ce?"

Ta bi su da kallo ɗaya-ɗaya. Matan da suka hana ta taɓa rigar gunki, ƙanin saurayinta na da, Luding da ta ɓoye mafici a bayanta. Duk tsawon shekarun nan tana yi musu uzurin rashin sani, da shi take iya kwana, ashe kowace Lahadi suna kallon ƙeyarta da waƙar a cikinsu. Abin ya yi mata ciwo fiye da sunan da suka sa mata, ciwon da ya kai ta jin kamar ta zauna a ƙasa. Ba ta zauna ba.

"Akwai baiti na uku," ta ce da ƙarfi. "Ku ƙarasa mana. Luding, ke ce mai murya."

Ba wanda ya motsa.

Ta saki siket ɗinta ya sauka, ta mayar da katako cikin kwando, ta rataya a hannu. Lauya Balagot na tsaye a gindin igiya da laimarsa, bai san inda zai sa ido ba. Ta tsaya a gabansa.

"Kwashe abinka, Lauya, kafin rana ta cinye. Duk masu furfurar filin nan kai kaɗai ne ba ka gani ba."